Kwalin haɗa ƙaramin gida: abin da ke cikinsa da yadda yake jure yanayin Sakkwato

Wanda yake sha'awar fara gina ƙananan gidaje na ado, irin waɗanda ake ajiyewa bisa teburi ana leƙa cikinsu a ga gado da kujera da fitila, hanya biyu ce gabansa. Ko dai ya nemi kwali da katako ya fara daga tushe, ko ya sayi kwalin da aka riga aka yayyanka komai a ciki, shi nasa haɗawa ne kawai. Wannan kwali na biyun shi nake son in duba. Galibinsu daga Sin ake kawo su, ana samunsu a shagunan intanet irin su AliExpress da Jumia, kuma duk da sunayen kamfanoni sun bambanta, tsarin abin kusan ɗaya ne. Hukuncina tun daga farko shi ne ya cancanci saye, amma guda ɗaya, ƙarami, mai ɗaki guda, kuma mai murfi.

Idan aka buɗe kwalin, abin da zai fara ba mutum mamaki shi ne babu wani abu mai kama da gida a ciki. Fallayen katako ne fale-fale, kaurin milimita 2 zuwa 3, waɗanda inji ya tsaga amma bai cire guntayen ba. Sai takardu masu zanen bango da daɓe da bangon littattafai, ƙyallaye, siririyar waya, duwatsun ado, ƙwayayen fitilar LED da gidan batir, duk a ƙananan ledoji masu lamba. Sai littafin bayani, wanda hotunansa sun fi rubutunsa amfani. Yawanci ba a haɗo da gam da batir, domin kayan ruwa da batir suna da wahalar aikowa ta jirgin sama. A karanta bayanin mai sayarwa da kyau a kan wannan, a kuma duba ko murfin roba mai kama da gilashi yana cikin kuɗin ko daban ake sayensa.

Girman abin ya dogara ne da ma'auni, kuma wannan shi ne darasin farko na sana'ar. Ma'aunin da ya fi shahara a duniya shi ne 1:12, wato inci ɗaya a madadin ƙafa ɗaya. Da shi aka gina sanannen ƙaramin gidan Sarauniya Mary da ke fadar Windsor a Ingila, wanda aka kammala a 1924. Kwalayen da muke magana a kansu kuwa galibi suna wajen 1:24 ne, rabin wancan: rabin inci a madadin ƙafa ɗaya. Ƙofa mai tsawon mita 2 za ta dawo santimita 8 da ɗan ɗoriya, gado mai ƙafa 6 ya dawo inci 3. Na ce "wajen" domin masu yin kwalin ba su cika tsare ma'aunin sosai ba, sau da yawa kofin shayi yakan fi ƙarfin teburin da aka ɗora shi. Saboda haka kada a sayi kayan ɗaki na 1:12 daban da nufin a zuba su cikin irin wannan gida, ba za su shiga ba.

Yankan katakon yana da kyau ƙwarai, nan ne kwalin ya ci kuɗinsa. Guntaye suna shiga juna daidai, abin da mai farawa ba zai iya samu da wuƙa a hannu ba. Aibinsa ɗaya: injin da hasken leza mai zafi yake yanka, don haka gefen kowane guntu baƙi ne da ƙuna. Wannan baƙin yana bin yatsa ya ɓata farar takarda, yana kuma hana gam kamawa sosai. A bi gefen da sanfefa mai laushi, lamba 220 ko sama, shafa biyu ko uku kawai, a goge da busasshen tsumma. Wajen cire guntu daga fallen, kada a tura shi da babban yatsa. A sa bakin wuƙar yanka takarda a yanke 'yan wuraren da suka riƙe shi, in ba haka ba ƙafar kujera mai kaurin tsinken ashana za ta karye, kuma ba a cika sako na ƙari ba.

Kayan aikin da ke zuwa cikin kwalin, in ma sun zo, na jeka-na-yi-ka ne. A tanadi wuƙar yanka takarda da sababbin reza, rula ta ƙarfe, ƙaramin almakashi mai tsini, matsefata mai kama abu da kyau, ƙaramar filaya, tsinken sakace, robar ɗaure kuɗi da maƙalan shanya. Duk ana samunsu wajen masu kayan makaranta da masu kayan gini a Babbar Kasuwa. A ƙara da faranti mai baki ko tire, wanda za a riƙa zuba abin da ke cikin leda ɗaya a kai.

Maganar gam tana son a tsaya a kanta, domin a nan ne yanayin garinmu yake shigowa. Littafin bayanin ba da Sakkwato a zuci aka rubuta shi ba. Farin gam na kafintoci shi ne na katako da takarda. A ƙasashe masu laima yana ba mutum lokaci ya gyara zaman abu kafin ya kama. A nan, cikin hunturu ko a zafin Afrilu da Mayu da ake haura digiri 40, fuskarsa takan yi fata nan da nan. Idan aka haɗa katako bayan ya yi fatar, a ido ya kama, bayan kwana biyu ya rabu. Dabarar ita ce a ɗiga kaɗan a murfin kwalba, a rufe robar gam ɗin, a riƙa ɗauka da tsinken sakace, a gwada zaman guntayen ba gam tukuna, sa'an nan a shafa a haɗa ba jira. A matse da maƙalin shanya ko roba kamar minti 20, a bar shi ya kwana kafin a ɗora masa nauyi.

Sufa gulu akasin haka yake. Laimar iska ce ke sa shi daskarewa, shi ya sa a busasshiyar iskar hunturu yakan yi nawa, mutum ya zaci ya lalace ya ƙara zubawa. Ƙarin ba ya taimako, huci kaɗan daga baki ya fi. Kada a kusantar da shi ga tagar roba ko murfi, domin tururinsa yana barin farin hazo da ba ya goguwa. Kada kuma ya taɓa auduga, yana ɗaukar zafi har ya ƙona fata. Amfaninsa a waya da duwatsun ado ne kawai. Gam ɗin bindiga, mai kama da kyandir, ban ba da shawararsa ba sam: yana barin tudu da zare a aiki mai ƙanƙanta haka, kuma yana saki idan gidan ya zauna a rufaffiyar mota da rana. Sitaci da ƙullun fulawa kuwa kiran kyankyaso da gara ne.

Takardar bango takan yi tamoji idan gam ya yi yawa, domin ruwan cikinsa yana buɗa takardar. A shafa shi siriri a kan katakon, ba a kan takardar ba, a shimfiɗa daga tsakiya zuwa gefe da tsohon katin banki. Haka katako yakan lanƙwashe idan aka jiƙa fuska ɗaya da fenti ko gam, domin wannan fuskar ta kumbura ɗayar ba ta kumbura ba. A shafa wa fuska biyun, a sa tsakanin leda biyu, a danne da manyan littattafai har ya bushe. Bango ɗaya da ya karkace da milimita 2 ya isa ya hana rufi zama.

Wutar ita ce ke sa gidan ya yi rai, ita ce kuma wurin da aka fi yin asara. Ƙwan LED hanya ɗaya yake karɓar wuta. A irin mai ƙafafu, doguwar ƙafa ita ce ake haɗawa da ɓangaren batir mai alamar ƙari (+). A irin mai waya, ja da ja ake haɗawa, baƙi da baƙi. Idan bai kama ba, a fara juya wayar kafin a ce ya mutu. Wayoyin sirara ne, wajen fere musu roba a bi a hankali da reza, kamar santimita 1, a murɗa su tare, a naɗe kowace mahaɗa daban da salatif don kada su taɓa juna. A gwada kowane ƙwai da batir kafin a liƙa shi, a sake gwadawa kafin a rufe bango, domin wayar a bayan takardar bango ko ƙarƙashin daɓe take bi, kuma bayan an rufe sai an ɓarke. Mafi yawansu wajen volt 3 suke so, wato batir AAA biyu. Haɗa su kai tsaye da cajar waya mai volt 5 yana ƙone su. Idan za a daɗe ba a kunna ba a cire batir, zafi yana sa shi yoyo ya ci ƙarfen gidansa.

Wasu kwalayen da batir ƙanana masu kama da maɓalli suke aiki. Wannan ba abin wasa ba ne a gidan da ke da yara: idan yaro ya haɗiye shi yana iya ƙona masa maƙogwaro cikin 'yan sa'o'i, sai a garzaya asibiti. A jikin kwalin galibi an rubuta daga shekara 14 zuwa sama, kuma gaskiya suka faɗa. Wannan ba gidan 'yar tsana ba ne da za a miƙa wa yarinya ta yi wasa, kayan kallo ne, taɓawa ɗaya ta karya shi. Mai neman abin wasa gara ya kai wa kafinta ya buga masa mai kauri. Ga masu kiyaye batun mutum-mutumi, yawancin kwalayen ɗaki ne da kaya kawai, in an sako 'yar kyanwa ko tsuntsu ana iya barinsa a leda.

Lokacin da ake rubutawa a jikin kwalin na gwanaye ne, mai farawa ya ninka. Aikin ba ya son fanka, domin akwai takardu da ba su kai farce ba, iska kaɗan ta kwashe su. Ba ya son gumi kuma, yana barin tabo a takarda. Bayan sallar asuba zuwa hantsi shi ne lokaci mafi dacewa, ga sanyi ga hasken rana. A bi littafin bi da bi, a gama kayan ɗaki kafin a ta da bango, kada a buɗe leda sai an zo kanta.

Murfi dole ne. Ƙurar hunturu daga Nuwamba zuwa Fabrairu tana shiga tsakanin 'yan littattafai da furannin takarda, inda ba tsumman da zai kai. Wanda ya sayi marar murfi ya kai awon wurin masu yankan gilashi su haɗa masa akwati, ya bar rarar santimita 2 ta kowane gefe. A ajiye nesa da taga, rana tana koɗar da zanen takardun.

Babban abin da ya rage wa kwalin daraja a wurina shi ne gidan da ke ciki ba namu ba ne. Shagon fure ne, ko ɗakin karatu mai murhun jin ɗumi, ko gidan shayi irin na Japan. Suna da kyau, amma hannun da ya gama ɗaya ya riga ya koyi abin da zai gina zaure da shi, kuma wannan ya fi sayen kwali na biyu. A ma'aunin 1:24, zaure mai mita 4 kowane gefe zai zama kamar santimita 17, tsawon bango mai mita 3 ya zama 12.5. Bangon ƙasa mai kauri ne, don haka a liƙa kwali fallaye uku ko huɗu har ya kai santimita 2, ko a yi amfani da farin soson da ke zuwa cikin kwalin talabijin. Shi wannan soson farin gam kaɗai yake so, sufa gulu narkar da shi yake. Yaɓen kuma jar ƙasa ce da aka tankaɗe da rariyar gari, kashi uku, da farin gam kashi ɗaya, da ruwa kaɗan har ya yi kaurin kunu. A shafa siriri, bai wuce milimita 2 ba, a bar shi ya bushe a inuwa, a ƙara wani. Idan aka labta da kauri ko aka shanya a rana, sama ta bushe kafin ciki, sai ya tsattsage. Zankwaye a yanka su tare da bangon tun daga kwali, in an liƙa su daga baya su ke fara karyewa. Zanen dagi a bakin ƙofa da zaren ɗinki mai kauri ake fitar da shi: a jiƙa shi da gam, a kwantar bisa zanen fensir, a bi da yaɓe ɗaya a kai.

Azara tsinken tsire ne da aka rina da ruwan shayi mai kauri, a jera su ta ciki. Indararo tsinken shan lemo ne da aka tsaga biyu. Kayan ɗaki kuma garin nan ya fi kowane kwali wadata. Ragowar jar fata da dukawa ke zubarwa, idan aka fere ta ta yi siriri, tana ba da tumtum mai faɗin santimita 2. Kaba da aka tsaga sirara tana ba da tabarma, amma a jiƙa ta tukuna don kada ta kakkarye wajen saƙa. Murfin kwalbar lemo, da yake wajen santimita 3 ne, daidai yake da babbar kwalla a jeren amarya, sai a danne haƙoransa da filaya a shafa masa farin fenti sau biyu kafin a ɗiga masa fure da bakin tsinke.