Famfon zuƙe baƙin mai: wanne ya dace da kai, kuma motarka za ta karɓe shi?

Noti guda ɗaya ne ya jefa ni neman famfon nan. Na kai mota juye wani gareji, yaron maigidan ya shimfiɗa kwali ya shige ƙarƙashi, mai ya tsiyaye, ya mayar da notin. Wajen ɗaurewa sai na hango ya zura guntun bututu a wutsiyar sifana ya danna da iya ƙarfinsa. Na ce, "Samari, a hankali dai." Ya ce, "Alhaji, ai gara ya ɗauru." Washegari da na fito sallar asuba na tarar da baƙin tabo kamar faifai a inda motar ta kwana. Zaren ya cinye, kaskon injin kuwa na alminiyom ne, ba ya jurar irin wannan ƙarfin hali. Sai da aka sauke shi aka sake yanka masa zare, kwana biyu ina hawa a-daidaita-sahu.

Tun daga nan na koma zuƙe man ta sama. Dabarar ba ta da wuya. Za ka zare gejin mai, wato sandar da ake duba yawan mai da ita, ka zura siririn tiyo ta raminsa har ya taɓa ƙasan kasko, famfo ya janye iskar da ke cikin tankinsa, man ya biyo tiyon da kansa. Ba jak, ba rami, ba kwanciya a ƙasa, notin ƙasa ma ko kallonsa ba za ka yi ba. Masu jiragen ruwa sun daɗe da wannan hanya tunda ba su da ƙarƙashin da za su shiga, garejojin Mercedes na ƙasashen Turai ma haka suke juye, tsohuwar ƙaramar motar nan Smart kuwa ba a ma yi mata notin zubar da mai ba.

Kafin a zo maganar wanne famfo, buɗe bonet tukuna, domin motar ce ke yanke hukunci.

Abu na farko, akwai geji? BMW da yawa daga wajejen 2006, irin su E90 mai injin fetur, sun zo babu shi, kwamfutar mota ce ke gaya maka yawan mai. Irin waɗannan ka haƙura da famfo. Wasu Audi da Mercedes kuma ba su da sandar gejin amma ramin yana nan an toshe shi da murfin roba, su aikin zai yiwu. Abu na biyu, kuma shi ne wanda masu talla ba sa faɗa: ina filta take? A Mercedes da Golf mai dizal tana sama, kana tsaye za ka kwance ta, ka gama juye da farar shaddarka. A Corolla ta 2003 zuwa 2008 da Camry mai injin 2.4 kuwa filtar tana ƙasa. Ka ga ko ka zuƙe man ta sama sai ka durƙusa ka miƙa hannu ƙarƙashi, ribar ta ragu da rabi. Duk da haka ka tsira daga taɓa noti, kuma ga wanda maciji ya taɓa sara, wannan ma abin so ne.

Na uku, lita nawa injin ke ci. Corollar da na ambata tana shan kimanin lita 4 har da filta, Camry 2.4 kimanin 4.3, Sienna mai injin 3.5 ta ɗan haura 6, Mercedes mai silinda shida kuwa tana kai wa 8. Riƙe wannan lambar, da ita za ka shiga kasuwa.

Famfon hannu mai tanki shi ne wanda na fi amincewa da shi, shi nake da shi. Siffarsa kamar famfon feshin maganin ƙwari na manoma, sai dai shi ja yake yi maimakon turawa. Ka buga hannun sau goma zuwa ashirin, ka koma gefe ka zauna, man na gangarowa cikin tanki. In ka ga ya yi sanyi ka ƙara bugu kaɗan. Sunayen da suka yi fice su ne Pela 6000 mai cin lita 6 da Mityvac 7201 mai cin lita 8.8, wanda kuma ake iya juya masa makunni ya tura man waje zuwa cikin galan in an gama. Akwai 'yan Chana masu kama da su birjik a Jumia da Jiji da AliExpress, wasu na da kyau, wasu kuma bayan juye uku robar murfinsu ta saki.

Dalilin da na fifita shi biyu ne. Ba ruwansa da wuta ko batir, kuma tankin yana da zanen lita a jikinsa, kana ganin abin da ya fito da idonka. Wannan zanen ya fi duk wani kwalliyar da ke jikin kwalin daraja. Idan littafin motarka ya ce 4.3, gejinka kuma ya nuna cike yake kafin ka fara, sai ka ga lita 3 kacal ta fito famfo ya fara ƙarar zuƙar iska kamar yaro ya kai ƙarshen lemo da tsinke, ka san tiyon bai kai ƙasa ba, ko kuma ya kai ya lanƙwashe ya ɗaga kai sama. Ka ja shi baya kaɗan, ka murza, ka sake turawa. Lita 4 ko kusa da haka ita ce daidai, tunda filta na riƙe da nata kason.

Kada ka sayi mai tankin da bai kai cin injinka ba. Na ga mai Mercedes da ya ɗauki na lita 6 saboda sauƙin kuɗi, kullum sai ya tsaya a tsakiyar aiki ya zare tiyo yana ɗiga, ya juye tankin, ya sake farawa. Ka kuma tambaya ko yana da abin da ke toshe shi da kansa in ya cika, in ba haka ba mai zai haura cikin famfon ya ɓata maka rana. A shago, ga gwajin da ba ya cin ko kwabo: toshe bakin tiyon da babban yatsa, ka buga sau biyar, ka jira minti ɗaya. In ka ɗaga yatsa ka ji ya yi "fus", yana riƙe iska. In shiru, ajiye musu kayansu.

Famfon batir mai wuta volt 12 shi ne ya fi arha, shi ne kuma ya fi jan ido. Ɗan ƙarami ne, bai fi bulo na sabulun wanki biyu ba, da jar waya da baƙa da ake maƙalawa a kan batirin mota, tiyo ɗaya na shiga inji ɗaya na zuba a galan. Yana shiga but ba tare da ya ci wuri ba, kuma ba shi da iyakar lita tunda galan ɗinka ne tankinsa. Amma lambar gudun da ake rubutawa a kwalin galibi da dizal aka auna ta, wanda ruwa-ruwa ne. Zuba masa mai mai kauri irin 20W-50 ɗin da yawancinmu ke sawa, da safiyar hunturu, ka ji yadda zai riƙa nishi. Ba ya son a bar shi yana juyawa babu mai a cikinsa, yawancinsu kuma takardarsu ta hana a wuce rabin awa ana aiki da su a jere. Tiyon fita yana da halin tsalle daga bakin galan, sai ka ɗaure shi ko ka sa yaro ya riƙe. Kada ko da wasa a ja fetur da shi, tartsatsin cikin ɗan injinsa kaɗai ya isa ya tada gobara. Wanda na ga ya fi cin moriyarsa shi ne mai janareton dizal na gidan burodi ko na asibiti, wanda ke cin mai fiye da abin da tankin famfon hannu zai ɗauka. In shi za ka saya, samo farin galan da ake ganin ciki, ka auna lita-lita da ruwa ka zana da maka, ka shanya shi ya bushe, ka mayar da abin da famfon ya rasa.

Mai aiki da iskar kwamfuresa na masu gareji ne. Akwai ƙanana, akwai manya masu taya da tankin lita 70 zuwa 80 da kwalbar awo a sama, wadda mai mota zai tsaya ya ga baƙin mansa na taruwa. Ya fi sauran sauri, hannu ba ya gajiya, amma sai da kwamfuresa mai ƙarfi, ita kuma sai da wuta ko janareto. Mai mota ɗaya ba shi da abin yi da shi. Makaniken da ke karɓar motocin Jamus a Apo ko Panteka ko Ƙofar Ruwa, wanda ke juye biyar ko shida a yini, shi kam zai mayar da kuɗinsa.

Akwai kuma babban sirinji mai cin rabin lita zuwa lita ɗaya da rabi. Na man giya ne da na aksul da tsotse tankin man burki, ko rage mai in an cika inji fiye da kima. Kada wani ya sayar maka da shi a matsayin na juye.

Yanzu ga maganar da kowane makanike zai tare ka da ita. Da na nuna wa maigidan garejin da nake zuwa yanzu, wani dattijo da ya fi shekara talatin yana kwance injina, ya jujjuya tiyon a hannu ya ce, "Yallaɓai, dattin fa? Datti a ƙasa yake kwanciya, wannan tsinken ba zai ɗauko shi ba." Maganarsa tana da ƙamshin gaskiya. Sai dai dattin da man ya ɗauka yana yawo ne a cikinsa, in man da ɗumi zai fito ta kowace ƙofa aka buɗe masa. Wanda ya daskare ya zama kamar kwalta a bangon kasko kuwa, ko ta noti ba ya fita, sai an sauke kaskon an wanke. Muka yi gwaji a gabansa: na zuƙe har famfo ya fara jan iska, shi kuma ya sa yaro ya kwance notin. Abin da ya ɗigo bai cika kofin shayi ba. Ya ce, "To, a wannan motar ka yi gaskiya." Ya kuwa faɗi daidai, domin akwai injinan da ke da faranti a cikin kasko mai tare tiyo, ko ramin gejinsu bai sauka ta wuri mafi zurfi ba, su sai ka bar rabin lita ko fiye ba ka sani ba. Wannan gwajin ka yi shi sau ɗaya a motarka, ranar farko. Motar da ka saya ta hannu kuma, wadda ba ka san yadda aka riƙe ta ba, juyen farko a yi shi ta ƙasa a ga abin da zai fito, ko akwai ɓurɓushin ƙarfe.

Tiyo shi ne ran abin, mutane kuwa tanki suke kallo. Nemi wanda ya zo da tiyo biyu ko uku masu kauri daban-daban, daga wajen milimita 6 zuwa 8, masu ɗan tauri, waɗanda suka fi sandar gejinka tsawo sosai. Jera tiyon da gejin ka sa alama da salatif a inda tsawon gejin ya ƙare, don ka san inda kake in kana turawa. In ya cije, kada ka matsa. Tiyon da ya maƙale ko ya guntule a ciki sai an sauke kasko, abin da kake gudu ke nan tun farko. Kada kuma ka haɗa guntaye biyu ka zura mahaɗin cikin ramin.

Zafin mai ma yana da ƙa'ida. Mai sanyi ba ya tafiya, za ka shafe awa kana bugu. Na motar da ta dawo daga Zariya yanzu-yanzu kuwa zai laƙwasa tiyon roba ya shake shi. Tada inji minti biyar zuwa goma, ka kashe, ka ba shi ɗan lokaci man ya gangaro. Ka buɗe murfin zuba mai don iska ta samu hanya, ka sassauta filta in ta sama ce domin man da ke cikin gidanta ya sauka kasko kafin ka gama ja. A haka lita 8 na ɗaukar mini kamar minti ashirin, ina zaune a kan benci ina sauraron rediyo.

Ga mai Corolla ko Camry da ke ganin famfon bai biya shi ba, akwai wata mafita: ɗan makunnin tagulla na kamfanin Fumoto na Japan, wanda ake ɗaurawa sau ɗaya a gurbin notin, daga nan sai dai a murɗa a buɗe. Yana ɗan leƙowa ƙasa fiye da noti, don haka mai ƙaramar mota da ke bin hanyar ƙauye ko unguwa mai dogayen tudun rage gudu ya duba da kyau kafin ya sa.

Da wani zai tsare ni a bakin shago ya ce in zaɓa masa, mai mota ɗaya ko biyu zan ce ya ɗauki na hannu mai lita 8 zuwa 9 ko da injinsa ƙarami ne, saboda gobe zai iya sauya mota, maƙwabci ma zai zo aro. Akwai wata riba da ban yi lissafinta ba sai daga baya: galan ɗin da na saya a gidan mai da hannuna, na fasa hatiminsa da kaina, shi ne ke shiga injin, ba wanda aka aiki yaro ya sayo a bayan layi ba. Tsohon man kuma nakan mayar da shi cikin galan ɗin da ya zama fanko in rufe, ba ya zuwa kwata. Wani kafinta a layinmu ne ke turo almajirinsa ya karɓa, yana shafa wa katakon rufi saboda gara.