Wata huɗu harshena na ƙuna, ga yadda muka yi da asibitin haƙori

Salamu alaikum ƴan uwa na Kumasi. Tun bayan sallar layya harshena ya kama raɗaɗi kamar na kurɓi koko da zafinsa, da safe da sauƙi amma kafin magariba ko magana bana son yi, waakye da shito kuwa sai dai in kalli yara suna ci. Na sayi maganin kuskure baki a kemis har kwalba biyu, ashe mai alkohol ne, ƙara min wutar yake. Maƙwabta suka ce zafin ciki ne, na sha jiƙo, shiru.

Ƙanwata ce ta matsa min muka hau trotro daga Aboabo zuwa wani asibitin haƙori, ni ina ta cewa haƙorina lafiya lau, ashe harshe ma aikinsu ne.

Likitar ta sa ƙyalle ta kama bakin harshen ta juya shi hagu da dama, ta ɗaga ta leƙa ƙasansa, sannan ta miƙo min madubi. Wallahi sai da gabana ya faɗi, ya yi ja sumul, ƴan ƙurajen nan na samansa duk sun shafe. Ta ce "Hajiya ba fangas bane, shi yawanci farin abu yake bari kamar dusar madara." Sai tambayoyi, bakina na bushewa? ina ƙwarnafi? al'ada ta ɗauke? wane man goge baki nake sa? ina shan maganin hawan jini irin lisinopril? don shi ma yana jawo wa wasu. Da na zazzage ledar magungunana a tebur ta ɗauki metformin, maganin sugana, ta ce shekara nawa ina shan sa, na ce 9. Ta ce in an daɗe a kansa yana iya rage bitamin B12, ƙarancinsa da na sinadarin ayon, wato sinadarin ƙarfe na jini, suna sa harshe ya yi haka, amma kar in kuskura in daina sha da kaina. Ta rubuta gwajin jini, da na B12, ayon da suga. Ta ce sai an duba duk an rasa dalili ake cewa ciwon daga jijiyoyin baki ne, wanda ya fi kama mata bayan ɗaukewar al'ada.

B12 ɗin ne ya sauka. Ta haɗa ni da likitan sugana aka fara min allura, sati 3 yanzu, jiya na ci tuwo da miyar ayoyo har da ɗan yaji.

Inda suka ɓata min rai shi ne jira, tun 8 na safe sai bayan azahar aka kira ni, ga mai suga da yunwa, kuma ba wanda ya faɗa min gwajin a wani lab za a yi da kuɗina. Duk da haka zan koma. In za ku je ku karya tukuna, ku riƙe kuɗi a momo, ku kwashi duk magungunanku a leda har na gargajiya.