Marinin da na ɗauko wa ɗalibaina: shuɗinsa ya burge ni, jansa ya ɓata min rai

Shekara 6 ke nan ina koyar da zane a makarantar 'yan mata a Kano, kuma duk zangon da muka zo kan haɗa launi sai ajin ya yi sanyi. In rubuta a allo cewa shuɗi da rawaya kore suke haifarwa, su haddace, su zuba min a jarrabawa, shi ke nan. Bana muka yi karo-karo da iyaye, na ɗauko wani marini ya yi mana kwana uku, kayan aiki duk nasa har da farin yadi.

Wallahi ranar farko kaɗai ta fanshe kuɗin. Ya dama shuni da soda da wani sinadarin rini da ake kira haidros a ruwan ɗumi cikin baho, yara suka ƙulle ƙyallayensu da zare, wasu da tsakuwa a ciki, aka tsoma. Da aka ɗago sai ga abu kore-kore mai ratsin rawaya. Wata ta ce, "Malama, nawa ya lalace!" Shi kuwa ko a jikinsa. Ya ce, "'Yata, baza shi ya sha iska." Muna tsaye, koren nan ya dinga juyewa har ya koma shuɗi, ajin ya kaure da salati. Na samu kafar yi musu bayani: haidros ne ke sa shuni ya narke ya shige zare, iska kuma ta mayar da shi kamanninsa, ya kama. Abin da ya sa ke nan masu rini a Ƙofar Mata, da karofinsu ke nan tun 1498, suke tsomawa su ɗago, su sake tsomawa, duk da su da baba da toka suke haɗa nasu ruwan. Muka jera ƙyalle biyar a igiya, daga mai tsomi ɗaya zuwa mai biyar, tun daga ruwan sararin sama har wanda ya kusa rawanin Buzaye duhu. Darasin haske da duhun launi da nake fama da shi shekara da shekaru, igiyar nan ta gama min shi.

Da a nan aka tsaya da babu abin da zan faɗa sai yabo. Kashegari aka zo haɗa ja da shuɗi don a samu shunayya, sai ga wani launi kamar laka. Jan da ya kawo mai ruwan goro ne, akwai rawaya a cikinsa, ka ga launi uku aka gwamutsa ba biyu ba. Tun ranar ciniki na ce masa ja mai karkata ga ruwan hoda nake so. Da na tuna masa sai ya ce, "Malama, ai kala kala ce." A gaban yaran da na gama faɗa wa abin da za su gani! Koren da ake samu daga shuɗi da rawaya dai ya fito, ba laifi.

Sai kuma yadin. Ya yi min alkawarin auduga zalla, amma da aka wanke, kusan rabin ƙyallayen suka koɗe. Na yanki gefen ɗaya na kanga masa ashana, ya narke ya dunƙule maimakon ya zama toka. Roba ce a ciki. Safar hannu kuwa ƙafa 6 ya kawo wa yara 28, ga soda mai cin fata. Yarinya ɗaya ta kwana biyu yatsunta na raɗaɗi, ni na je gidansu na ba mahaifiyarta haƙuri, shi ko sannu bai aiko ba. Wannan ya fi komai tsaya min a rai.

Abokiyar aikina ta nemi lambarsa, na ba ta, amma na ce rinin shuɗi kawai za ta ɗauke shi. Yadi ta je Kantin Kwari da kanta da ashana a jaka, safar hannu kuma ta ƙirga yaranta ta saya tun kafin ya zo.