Maɓalli ɗaya zuwa HDMI: jerin danne-danne ko lambar kai-tsaye?

Ɗan'uwa da ya yi tambaya jiya da daddare, ka ce ka haɗa wa Baba dikoda a HDMI 1, akwatin Android kuma a HDMI 2, amma duk sanda zai sauya sai ya danna Input, jeri ya fito, ya sauka ya wuce inda yake so, allo ya rubuta No Signal, daga nan a kira ka a waya kana bakin aiki. Kana neman rimot na gama-gari wanda maɓalli ɗaya zai kai shi kai tsaye. Allah ya saka maka da alheri kan kula da mahaifi. Kafin ka kashe ko sisi dai ka san cewa hanyoyi biyu ake bi wajen wannan aikin, a shago duk sunansu ɗaya za a gaya maka, wai ai yana yi, amma a gida bambancinsu babba ne.

Ta farko ita ce makro, wato ka koya wa rimot jerin danne-danne ya riƙa yi maka da kansa. Ka danna maɓalli ɗaya, shi kuma ya aika Input, ya ɗan jira, ya aika ƙasa, ƙasa, sannan OK. Rimot masu ɗan daraja da yawa suna yin wannan kuma yana aiki da kusan kowace talabijin, ko da irin waɗanda ba a san kamfaninsu ba ne. Matsalarta ita ce rimot makaho ne, haske kawai yake tofawa, talabijin ba ta mayar masa da amsa, don haka bai san a ina take ba lokacin da ya fara. In ka tsara jerin daga HDMI 1 zuwa HDMI 2, ranar da jika ya taɓa ya bar ta a AV, saukar nan biyu za ta kai Baba wani wuri daban. Ga kuma jira, dole a riƙe rimot ana nuna wa talabijin har jerin ya ƙare, dattijo kuwa da ya danna sai ya aje a kan tabarma, danni na uku ya tafi bango. Haka in an ɗauke wuta an dawo da ita, talabijin mai manhaja tana ɗaukar lokaci kafin ta farka sosai, umarnin farko ya wuce ba ta ji ba, sauran duk su rikice.

Akwai dabarar da ake rage wannan da ita. A fara jerin da maɓallin da kullum wuri ɗaya yake kai ka, kamar maɓallin TV da ke mayar da ita tashar eriya, sai a fara ƙirga daga can. Yana taimakawa ƙwarai, sai dai jerin ya ƙara tsawo kuma allo zai riƙa walƙiya kafin ya tsaya.

Ta biyu ita ce lambar kai-tsaye, kuma ita nake so ka nema. Manyan kamfanoni irin su LG da Samsung da Sony sun saka wa talabijin ɗinsu wasu umarni da babu maɓallinsu a rimot ɗin da ke cikin kwali. Akwai wanda ma'anarsa je ki HDMI 2, ko daga ina kike. Akwai na kunnawa zalla da na kashewa zalla, ba irin jan maɓallin nan da in tana kunne ya kashe in tana kashe ya kunna ba. An yi su ne don masu haɗa kayan kallo a otal da ɗakunan taro. Umarni ɗaya ne tak, ba jira, ba ƙirga, in ka danna sau goma ma tana nan a HDMI 2 ɗin ba ta motsa ba, kuma wannan shi ne ainihin abin da dattijo yake bukata, domin in bai ga canji nan take ba sake dannawa zai yi.

Don ka ga yadda suke: a LG, HDMI 1 ita ce 20DF738C, HDMI 2 kuma 20DF33CC. A Samsung, HDMI 1 ita ce E0E09768, HDMI 2 kuma E0E07D82. Sony nata tsarin daban ne, na'ura mai lamba 26, umarni 90 zuwa 93 su ne HDMI 1 zuwa 4, kuma haskenta yana bugawa a kilohaz 40 yayin da LG da Samsung suke wajen 38. Inda hanyar take da rauni shi ne ba kowace talabijin ke jin waɗannan umarnin ba, musamman masu araha, kuma ko a kamfani ɗaya wani samfurin ya karɓa wani ya yi shiru. In talabijin ba ta san umarnin ba, ko rimot na nawa ka saya ba zai koya mata ba.

Shi ya sa gwaji yake gaba da saye. Nemi waya mai fitilar infrared a samanta, wato mai fitar da irin hasken rimot da ido ba ya gani, yawancin Redmi da Xiaomi suna da ita, ko ta aboki ce ka ara. Sauke manhajar irplus, tana karɓar lambobin da mutum ya shigar da kansa har da tsarin Pronto, wanda shi ne dogon jerin lambobi huɗu-huɗu da aka fi rarraba irin waɗannan umarni da shi. Ka mayar da talabijin AV da gangan, ka nuna mata wayar ka aika na HDMI 2. In ta yi tsalle ta tafi, to an gama magana, lambar kai-tsaye za ka bi. In ta yi kamar ba da ita ake ba, sai makro.

Yanzu maganar rimot ɗin kansa. Na kasuwa masu arha irin su Huayu da Chunghop kashi biyu ne. Akwai wanda ake shigar wa lambar kamfani daga 'yar takarda, wannan kwafin rimot na asali ne kawai, Input ɗinsa jeri zai fito maka da shi kamar na da, ba abin da ka ƙaru da shi. Akwai kuma mai koyo, wanda ake haɗa goshinsa da goshin wani rimot ya kwafi hasken. Mutane suna cewa ai mai koyo ba zai yi ba tunda babu maɓallin a rimot na asali balle a kwafa, to amma wa ya ce lallai daga rimot zai koya? Ka sa shi a yanayin koyo, ka zaɓi maɓallin da kake so, ka ajiye goshin wayar nan kusa da nasa tazarar yatsu biyu, ka aika lambar, fitilarsa ta ƙifta alamar ya ɗauka. Shi kenan ka mayar wa mai waya wayarsa. Ka zaɓi manyan maɓallai biyu masu launi, ja na dikoda kore na akwati, ka kuma koya masa ƙara sauti da sauya tasha daga rimot ɗin dikodar. A ganina wannan ta fi kowace hanya dacewa da abin da ka bayyana.

Sama da wannan akwai One For All, wasu samfuransa suna ba ka damar danna Setup ka riƙe, ka shigar da 994, ka sake danna Setup sau ɗaya, sannan lambar umarnin, ka ɗora ta a maɓalli, sai dai lambobinsa nasu ne na kansu, daban da waɗanda na kawo a sama. SofaBaton U2 da waya ake saita shi, yana koyo yana makro. Broadlink RM4 mini shi ba rimot ɗin hannu ba ne, 'yar na'ura ce da ake ajewa a ɗaki ana sarrafa ta da waya ta WiFi, ta yi wa matashi daidai amma ban ga Baba yana buɗe manhaja don ya kalli labarai ba. Logitech Harmony shi ne ya fi kowa tarin lambobin kai-tsaye, amma kamfanin ya daina ƙera shi tun 2021, saitinsa kuma sai ta intanet ta hanyar kamfanin, don haka in ka ga na hannu ka yi hattara.

Ka duba kuma ko ma ba ka bukatar sabon rimot. In LG ce mai manhajar webOS, a yawancin samfura riƙe maɓallin 0 yana buɗe Quick Access, inda za ka ɗora HDMI 1 a lamba 1, HDMI 2 a lamba 2, daga nan riƙe lambar kawai za a yi. Sannan akwai CEC, wanda Samsung ke kira Anynet+, LG SimpLink, Sony kuma Bravia Sync, in ka kunna shi na'urar da aka tayar ita ke jan talabijin zuwa kanta ta cikin wayar HDMI. Da akwatin Android yakan yi kyau, amma ba kowace dikoda ke yi ba, in kuwa da waya mai kai uku ka haɗa ta, rawaya da fari da ja, babu CEC sam. Wani lokacin ma akwatin ya farka da kansa ya ƙwace allo ana tsakiyar kallon ƙwallo.

Abu ɗaya da zai iya ɓata maka lokaci: rimot ɗin LG Magic da ƙananan na Samsung masu makirufo yawancin maɓallansu da Bluetooth suke aiki, mai koyo ba zai ɗauki komai daga gare su ba, amma talabijin ɗin kanta har yanzu tana da idon infrared kuma tana jin lambobin. Turo mana sunan kamfanin da lambar samfurin da ke jikin takardar bayan talabijin ɗin, sai mu duba wace lamba za ka fara gwadawa.