Dish da Kayan Sauti a Jirgin Ruwa: Sharhi Daga Kwatar Yauri

Tun da hoton jirginmu ya zaga a WhatsApp masu jirage daga Warra, Ngaski har Shanga suke ta kirana, tambayar kuma ɗaya ce: wannan farin abu da ke kan rufi kamar an kifa ƙwarya, wato dish ɗin talabijin na jirgin ruwa, ya ci kuɗinsa kuwa? Amsata ta rabu biyu. Kayan sauti da aikin wuta sun ci kuɗinsu har da riba. Talabijin ɗin ma yana aiki, ba ƙarya, amma ba kowane mai jirgi zan ce ya saya ba.

Jirgin na faiba ne mai rufi, da injin Yamaha biyu a baya, ba irin na katako da ke tsallakar da buhunan albasa da babura zuwa Rofiya ba. Shata muke yi da shi: 'yan biki, ma'aikatan da ke shiga ƙauyukan gungu, da baƙi masu zuwa kallon Rigata, bikin wasannin ruwa na Yauri, tun da aka farfaɗo da bikin a 2024. Irin waɗannan mutane wuni suke yi a kan ruwa. Ranar Asabar in ana buga Firimiya sai ka ga rabin jirgi sun yi cincirindo kan wayar mutum ɗaya, sabis na zuwa yana ɗaukewa. Nan maganar dish ta samo asali.

Wanda ya yi mana aikin matashi ne daga Birnin Kebbi, ya taɓa aiki a jiragen Legas kafin ya dawo gida. Abin da ya fara sa na yarda da shi, ƙin karɓar aikin da na kira shi dominsa. Ni dish ɗin gida na ce ya ɗaura mini a rufi. Ya ce, "Alhaji, in na ɗaura maka wannan, kuɗinka kawai zan ci. Amma bari ka gani da idonka." Ya kafa faranti a jirgin yana ɗaure a kwata, ya saita har mitarsa ta cika, sannan ya ce wa yaron jirgi ya taka gefe. Yaro na takawa sigina ya zube. Ba iska, ba igiyar ruwa, inji ma a kashe.

Dalilin ba boyayye ba ne. Tauraron ɗan Adam mai watsa talabijin yana can nisan kilomita 35,786 a saman layin da ya raba duniya biyu, yana juyawa daidai da juyin ƙasa, shi ya sa a gida sau ɗaya ake saita faranti a ɗaure noti a manta. Wanda DStv ke amfani da shi a yankinmu na kamfanin Eutelsat ne, yana digiri 36 gabas. Daga Yauri ke nan faranti zai dubi gabas ya ɗan karkata kudu, ya ɗaga kai wajen digiri 50. Ya kauce da digiri biyu kacal, hoto ya tafi. Jirgi kuwa ko a ɗaure yake bai taɓa tsayawa cak ba.

Ƙwaryar ita ce maganin wannan. A cikinta akwai ƙaramin faranti mai faɗin santimita 60, da ƙananan motoci masu juya shi, da na'urar da ke jin motsin jirgi, da GPS. Jirgi ya karkata dama, faranti ya koma hagu kafin ka ƙifta ido. Wani ƙaramin akwati kusa da direba shi ke ba ta umarni. Kamfanonin da suka yi suna wajen ƙera irinta akwai Intellian na Koriya ta Kudu da KVH na Amurka, sabuwa kuma dubban daloli ake magana, kuɗin da zai sa mutum ya tsaya ya tambayi kansa ko inji zai ƙara. Tamu ta hannu ce, daga wani jirgi aka cire ta a Legas. A nan ma injiniyan ya yi abin a yaba: bai bari na tura kuɗi ba sai da aka buɗe ta aka turo masa hoton LNB ɗin ciki, wato 'yar na'urar da ke karɓar siginar da faranti ya tattaro. Ya ce da yawa daga waɗanda aka ƙera don kasuwar Amurka, LNB ɗinsu ba ya karanta irin siginar taurarin da ke haska Afirka, sai an canza, canjin kuma ba arha ba. Duk mai niyyar sayen ta hannu ya riƙe wannan.

Ɗaurawar ba ta da wani abin mamaki. Nauyinta ya kusa kilo 20, don haka sai da mai walda ya ƙara wa rufin ƙarfe, aka zaunar da ita a tsakiya don kada jirgi ya rinjaya gefe guda. An kawar da sandar tuta saboda tana tare mata gabas in jirgi ya juya. Wayar dish RG6 ya sa, ya naɗe kowane mahaɗi da tef mai hana ruwa, duk ramin da ya huda kuma ya toshe da gam.

To, ya take aiki? In aka kunna takan ɗauki minti ɗaya ko biyu tana gurnani tana neman tauraro. Da ta kama, ta kama. Mun yi gudu da ita a buɗaɗɗen ruwa ta wajen Ngaski inda igiya ke dukan jirgi sosai, hoto bai motsa ba. Sai in direba ya yi kwana mai kaifi hoton yakan daskare na ɗan lokaci ya dawo, haka nan in muka raɓa gaɓa ƙarƙashin manyan itatuwa.

Damina ce ke tona mata asiri. Siginar da ake kamawa tana tsakanin gigahaz 10.7 zuwa 12.75, ruwan sama mai ƙarfi kuma yana shanye irin wannan sigina. Ko a gida masu faranti mai santimita 90 sun san haka, balle mai 60. Ga shi hadarin ƙasar nan daga gabas yake tasowa, daidai inda faranti ke kallo. Saboda haka hoto yakan fara tsinkewa tun sama tana wasai a kanmu. Direbanmu, Bagunge ne da ya tashi a kan ruwan nan, da farko ko kallon talabijin ɗin ba ya yi. Yanzu da ya ji fasinja sun fara tsaki sai ya waiga gabas. Wata rana ya ce mini, "Maigida, wannan abin naka ba ƙwallo kaɗai yake nunawa ba, yana riga ni ganin hadari." Ban saye ta don haka ba, amma a tafkin Kainji duk abin da zai ba ka 'yan mintuna ka nemi gaɓa kafin iska ta iso, ba ƙaramin abu ba ne.

Inda nake ja da baya shi ne a lissafin amfani. Yaushe ake kallon? Manyan wasannin Turai na tsakiyar mako da dare ake yi, ƙarfe takwas ko tara. Hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa ta hana tafiyar dare a ruwa, mu ma ko ba doka ba ma yi. Ke nan a lokacin da aka fi son talabijin, jirgi yana ɗaure a kwata, inda faranti na gida a kan turke a tudu, da doguwar waya zuwa jirgi, zai yi aikin da kaso kaɗan na kuɗin. Abin da ya rage wa ƙwarya shi ne wasannin rana na ƙarshen mako, labarai, da shirye-shiryen Arewa24 da mata 'yan biki ke nema. Da tsakar rana kuma hasken da ruwa ke maidowa yana cinye hoton, sai an saki labule. Tashoshin Larabawa na kyauta da ake kamawa a gari da manyan faranti, su ma a cire rai, ƙaramin faranti ba ya kai musu. Wani abokina ya ce da Starlink na sa, wato intanet ta tauraron ɗan Adam, tunda ya shigo Nijeriya tun Janairun 2023, fasinja su kalli abin da suke so a wayoyinsu. Maganarsa abin dubawa ce, sai dai mutum ya tabbatar tsarin da zai biya ya yarda da amfani a cikin tafiya.

Sauti kuwa, nan ne na ji daɗin kuɗina. Rediyon da ya sa irin na jiragen ruwa ne, fuskarsa a rufe take ruf, feshin ruwa ba ya shiga. Yana da Bluetooth, da wurin filashi, da FM. Lasifika huɗu masu inci shida da rabi, da ƙaramar amfilifaya a ɓoye ƙarƙashin kujera. Na tambaye shi me ya sa ba za a sa na mota ba tunda ruwanmu ba gishiri. Ya ce gishiri ne kaɗai babu, amma raɓa da zafin rana suna nan, lasifikar mota kuma da yawa takarda ce a ciki, damina ɗaya ta jiƙe ta saki. Wayoyin ma masu rufin kuza ya sa, waɗanda ba sa yin kore.

Abu biyu ya yi da ban roƙa ba. Na farko, ya raba sautin gida biyu: na fasinja daban, na wajen direba daban, kowanne da maɓallinsa. Duk wanda ya san ruwan nan zai gane hikimar. Tun da aka gama madatsar Kainji a 1968 ruwa ya haɗiye gonaki da dazuzzuka, kututturan itatuwa suna nan a ƙasa har yau, in ruwa ya ja baya su ne ke fasa jirage. Ga kuma tarun masunta, ga dorina. Dole direba ya riƙa jin ƙarar injinsa da kiran yaron da ke zaune a goshin jirgi yana duba hanya. Kiɗan da zai toshe masa kunne ba nishaɗi ba ne. Na biyu, makirfo. Kafin a tashi ana sanar da kowa ya ɗaura rigar ruwa ba tare da an yi ta ihu ba. Da muka kai wasu malamai walima a wani gungu, da shi aka yi addu'a har mutanen gaɓa suna amsawa. A cikin duk kayan shi ne mafi arha, kuma shi muka fi mora.

Ba a rasa matsala ba. Fitarmu ta farko wani siririn kuka ya riƙa fita daga lasifika, direba na ƙara wuta yana ƙaruwa. Injiniyan ya haɗa wayar sauti da ta caji a bututu ɗaya, ya kuma ɗaura nagetif a wurare daban-daban. Na kira shi, bai musa ba, sai dai zuwan ya ɗauki lokaci, kullum "gobe in sha Allah, Alhaji." Da ya zo ya raba wayoyin, ya tattara nagetif wuri guda, ya ƙara 'yar na'urar tace ƙara. Kukan ya ɗauke, bai karɓi ko kwabo ba.

Wutar ita ce ginshiƙin komai, kuma ita ce ba ta fitowa a hoto. Ya ƙi taɓa batirin tayar da inji, ya ce kada wata rana a gama kallon ƙwallo a tsakiyar ruwa inji ya ƙi tashi. Batir daban ya sa mai amfiya 200 a kan bolt 12, da allon sola biyu a bayan rufi inda inuwarsu ba ta shafi ƙwarya ba, da inbata ƙarama mai mayar da wutar batir irin ta gida. Lissafin da ya yi mini a bayan kwalin dikoda mai sauƙi ne: 200 sau 12 ya ba da wat 2,400 na tsawon awa guda, batir irin wannan kuma rabinsa ake ci in ana son ya daɗe, saura 1,200. Ƙwarya, dikoda, talabijin mai inci 32 da sauti daidai misali suna jan wajen wat 150. Awa takwas ke nan ko ba rana. Abin da muke gani a zahiri bai yi nisa da haka ba, sai ranar biki da ake ƙure sauti. Kowane layi da fis ɗinsa kusa da batir, ga babban makunni guda mai yanke komai. A jirgin da ke ɗauke da jarkokin fetur ban yarda da janareto ba, shi ma bai ko kawo maganarsa ba.

Talabijin ɗin na gida ne aka yi masa akwati mai murfi. Da hunturu ƙura ce abokiyar gabarsa, da magariba kuma ƙwarin ruwa su rufe fuskarsa har ba ka ganin ɗan wasa. Kullum sai an goge an rufe.

Ƙorafina da ya rage guda biyu ne. Bai bar mini zanen wayoyin ba, ga su duk a cikin bango, ranar da ba ya kusa duk mai gyaran da ya zo lalube zai yi. Sannan ƙwaryar nan a ɗan binciken da na yi ban samu mai buɗe ta ba daga nan har Kontagora. A cikinta akwai belt ɗin roba da ke jan faranti, zafin Maris da Afrilu kuma ba ya raga wa roba. Na sa a nemo mini na ajiya daga Legas tun kafin ya tsinke, zanen kuma na riƙe ragowar kuɗin aikinsa sai ya kawo.