Sharhi kan wani kamfanin ba da shawara kan hayar gida ta gajeren zango a Kano

Na nemi taimakon wani ƙaramin kamfani a Nasarawa GRA domin mayar da gidana masaukin baƙi na 'yan kwanaki, kuma na gamsu da aikinsu. Sun fara da rajistar sana'ar a CAC, hukumar rajistar kamfanoni ta ƙasa, sannan suka bayyana mini harajin da hukumar tara haraji ta jihar Kano (KIRS) ke karɓa da kuma izinin hukumar tsara birane ta jihar (KNUPDA), wanda ake nema kafin a sauya fasalin gini. Abin da ya fi burge ni shi ne nacewarsu kan tantance baƙi da katin shaida, domin maƙwabta da Hisbah suna sa ido sosai kan irin waɗannan gidaje. Sai dai kuɗinsu yana da tsada, kuma lissafinsu bai haɗa da kuɗin sola ba.