Farautar manyan namun daji da jagora: ina ya kamata mutum ya kai kuɗɗinshi?

Tun da na dawo daga rakiyar Alhajin da nike yi ma aiki zuwa Limpopo a Afirka ta Kudu mutane ke tare ni, a kasuwa da cikin WhatsApp, nawa ne, ta ina ake bi, wace ƙasa ta fi. To bari in faɗi gaba ɗaya, don akwai 'yan kasuwarmu na Maraɗi da Allah ya hore ma kuma jikokin maharba ne, sun tashi suna jin labarin giwayen da ke shigowa dajin Baban Rafi, suna son su ga ɓauna ido da ido kafin ƙarfi ya ƙare.

Da farko a cire gida daga lissafi. Gadabeji da ke arewacin jiharmu gandu ne da aka killace tun 1955, ba a harbi cikinshi, raƙuman dawa 8 da aka ɗauko daga Kure a 2018 don su hayayyafa aka kawo su. Dokar farauta ta 1998 tana nan, sai da permi. Wanda duk ya ce maka yana da hanya, zai shiga da kai da dare da fitilar mota, 'yar barewar da ta rage mana zai ƙarar kuma kai ma'aikatan gandun daji za su kama. Wajen gandun W da Panjari ta Benin da gabashin Burkina can ne ɓauna da gwanki suka fi kusa da mu, amma kowa ya san halin tsaron wurin yanzu, ni ba zan tura ɗan uwana can ba.

Kamaru ita ce ta fi kwanta mani a rai. Yankunan farautar suna kewaye da gandun Benuwe da Faro da Buba Njidda, Garwa ake sauka, ana zuwa da rani bayan ciyawa ta bushe. Ba waya ba shinge, sawu ake bi da ƙafa tun asuba, akwai ɓauna, gwanki, kanki, mariya, da wani ƙaton dabba mai murɗaɗɗen ƙaho da ake ce ma eland na Derby wanda dominshi Turawa ke tururuwa can. Za ka samu mai jin Hausa ko Fulatanci cikin masu bin sawu, Faransanci kuma na aiki. Sai dai tsada wallahi, da yuro suke magana, kowane yuro sefa 656, farautar eland ɗin kuma dubban yuro gommai ce, wajen sati biyu kana tafiya cikin zafi. In gwiwarka na ciwo kada ka fara.

Afirka ta Kudu ta fi arha nesa ba kusa ba, dalili kuwa namun na masu gonaki ne, suna kiwonsu cikin fili da aka kewaye da doguwar waya. Kwana 5 zuwa 7 da dabba huɗu ko biyar ana samu tsakanin dala 3,000 da 6,000, da ɗaki mai kyau da abinci. Abin tambaya ɗaya ne, hekta nawa ne filin, kuma dabbobin nan aka haife su ko da mota aka kawo su satin da ya wuce. Akwai wurin da za ka wuni ba ka ga waya ba, akwai kuma wanda bai wuce garke ba, wannan kam ragon layya ya fi shi daraja. Namibiya kuɗɗinta ya ɗara kaɗan amma fili ne fetal mai kama da namu na wajen Dakoro, lokacinsu daga 1 ga Fabrairu har 30 ga Nuwamba, kuma a yankunan da jama'ar ƙauye ke riƙe da daji wani kaso na kuɗɗin da naman su yake koma ma. Mai son ɓauna a daji na gaske ya duba Zimbabuwe. Tanzaniya ta manyan attajirai ce, daga Yuli zuwa Disamba, wasu namun sai da lasin kwana 21. Kenya kuwa ta hana farauta tun 1977, wanda ya tallata maka ita maƙaryaci ne.

To ga inda mutane ke faɗawa. Farashin da ka gani a talla ba shi ba ne ƙarshe. Akwai kuɗɗin kowace rana, na masauki da mota da ƙwararren maharbin da ke jagorantarka wanda suke ce ma PH, sannan kowace dabba da nata farashi daban. In kai kaɗai ne da jagoranka ya fi tsada, in ku biyu kuka raba shi da sauƙi amma harbi bi da bi ne. Ɗan rakiya irina ma sai an biya mashi. Sannan tikitin jirgi ta Yamai ko Kano, biza, hayar bindiga da harsashi, tukuicin masu bin sawu da masu fiɗa, jimar fata, aiko da ƙaho da takardun CITES, yarjejeniyar duniya kan fataucin namun dajin da ake karewa, in dabbar na cikin jerinta, ga duwan na jira a gida. Bindiga kam ka yi haya can, fita da ita daga Nijar a wannan lokaci wahala ce zalla, kuma ta ɓauna sai mai kauri, .375 zuwa sama.

Rana ta uku Alhaji ya harbi wata babbar barewa mai murɗaɗɗen ƙaho da ake ce ma kudu da la'asar, kudun ya zabura ya shige ƙaya. Mai bin sawun ya duƙa ya tsinke wani ganye ya miƙo, ɗigon jini ne guda bai kai ƙwayar gero uku ba. Muka bi har magariba, muka koma da safe, shiru. Ranar lissafi sai ga shi cikin takarda cikakken farashi. Na ce, Alhaji ranka ya daɗe wanga ai ba mu same shi ba. Ya ce, yaro bar shi, jini ya zuba, ƙa'idarsu ce kuma na sa hannu. Haka abin yake ko'ina, in ka ji ma dabba rauni ka saye ta, shi ya sa ya kamata mutum ya gwada bindigar hayar sosai ranar farko kuma kada ya bari a gaggauta shi.

Sai maganar nama, wadda ta fi damun Bahaushe. Naman ba ya biyo ka gida, ka ci abin da za ka ci a sansani saura na masu wurin ne, ƙaho da fata kawai za su iso bayan watanni. Mu da muka saba a dawo farauta a raba ma unguwa, wannan ya yi mani nauyi ƙwarai. Ka yi bisimilla lokacin harbi, in ka tarar da rai ka yanka, amma jagorori da yawa ba su son a yanka maƙogwaro don yana ɓata fatar wuya da ake cusawa a rataya a bango. Ku gama wannan magana tun kafin kuɗɗin kafin alƙalami su fita, haka ma tukunyar da za a dafa maka, da gadu da suke yawan sakawa cikin jerin, ka ce a musanya shi da wata dabba.

Mai zuwa karon farko ni Namibiya zan ce mashi, ko babban fili a Limpopo, tsakanin Mayu da Satumba da rigar sanyi mai kauri, ya bar ɓauna sai zuwa na biyu. Ya biɗi sunan PH ɗin da lambar lasinshi, ya kira mutum biyu da suka yi farauta da shi bara, kuma a rubuta abin da za a maido mashi in biza ba ta fito ba.